Babi Na Biyar: Su Yaran Me Suka Yi?

Duk lokacin da labari ya fito a rediyo, ko ya zagaya a wayoyi, cewa wani magidanci ya kashe 'ya'yansa sannan ya kashe kansa, ko wata uwa ta aikata haka, abin da ake fara yi shi ne salati. Bayan salati sai tambaya, kuma tambayar ɗaya ce a majalisar maza da tsakar gidan mata: to, shi ya gaji da duniya, su yaran me suka yi masa? Wani ya ce talauci ne. Wani ya ce shafar aljanu. Wata ta ce rashin imani ne kawai. Daga nan a yi Allah ya kyauta, kowa ya kama gabansa.

Tambayar ta cancanci a zauna a kanta. Abu ne da ba ya yawan faruwa, kuma mafi yawan iyayen da bashi ya shaƙe ko damuwa ta kwantar ba sa taɓa ko gashin kan 'ya'yansu. Amma idan ya faru, yakan bi hanyar da likitoci da alƙalai suka riga suka sani, kuma a kan hanyar akwai wuraren da za a iya tare mutum. Koriya ta Kudu da Japan sun tattauna wannan masifa a fili sosai, don haka daga can wannan babi zai ɗauko yawancin misalansa.

Yarinyar da ba ta koma aji ba

A watan Mayun 2022 wasu ma'aurata a birnin Gwangju na Koriya ta Kudu suka nemar wa 'yarsu izini a makarantar firamare. Tsarin makarantu a can ya yarda iyaye su ɗauke yaro na ɗan lokaci don ya yi tafiyar ƙaro ilimi tare da su. Suka ce za su kai ta tsibirin Jeju ta yi kusan wata guda. Shekarar yarinyar 10. Makaranta ta amince, domin babu abin zargi a cikin takardar.

Ranar dawowa ta zo a tsakiyar Yuni, kujerarta babu kowa. Malamai suka yi ta kiran waya ba a samu ba, suka je gida suka tarar a kulle, sai suka kai rahoto wurin 'yan sanda. Bincike ya nuna iyalin ba su taka Jeju ba. Sun sauka ne a wani masauki a Wando, yankin tsibirai a kudancin ƙasar. Kyamarar tsaro ta ɗauke su a daren 30 ga Mayu suna fita. Uwar ta goya yarinyar a baya, hannuwan yarinyar sun saki suna reto, uban yana tafe a gefe da leda a hannunsa. Duk wadda ta taɓa goyo ta san ba a goya 'yar shekara 10 da tsakar dare haka kawai. Wannan ɗan gajeren hoto gidajen talabijin na ƙasar suka yi ta maimaitawa kwana da kwanaki, mutane suna addu'ar a same su da rai. Ranar 29 ga Yuni aka ciro motarsu daga teku, su ukun suna ciki.

Sai bayan nan aka haɗa labarin. Uban ya rufe shagonsa na sayar da kwamfuta tun shekarar da ta gabata. Uwar ma ta bar aiki. Bashin katin banki ya taru, takardun neman a biya suna ta zuwa gida. Uban ya zuba kuɗi a kasuwar kirifto ya yi asara. Uwar ta je asibiti kan rashin barci da firgici. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa akwai wanda ya san shi: banki ya san nasa, likita ya san nasa, makaranta ta san nata. Babu wanda ya san su duka.

Ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta nemi makarantu, daga lokacin, su riƙa kiran waya aƙalla sau ɗaya a mako su ji muryar duk yaron da aka ɗauke na kwana biyar ko fiye. Ƙaramin gyara ne, amma ya nuna inda aka gano ɓarakar: an bar yarinya makonni a hannun mutane biyu da suka yanke ƙauna, ba tare da wani babba na uku ya ji daga bakinta ba.

Talauci ne?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ke nan, kuma tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta kai ba. Da yunwa kaɗai ke jawo wannan, da ƙauyukan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba ne za su cika da irin waɗannan labarai. Abin da aka sani a irin wuraren shi ne uwa ta ce ta ƙoshi don yaro ya cinye ragowar.

Abin da ake yawan gani a bayan waɗannan kashe-kashe shi ne faɗuwa. Mutum ne da ya saba riƙe gidansa, aka san shi da rufin asiri, sai kwatsam abin hannu ya zube. A watan Oktoban 2008, lokacin da kasuwannin hannun jari na duniya ke rugujewa, wani mai digiri na biyu a harkar kasuwanci da ke zaune a unguwar masu hali ta Porter Ranch a Los Angeles ya kashe matarsa, 'ya'yansa maza uku da surukarsa, sannan ya kashe kansa. Ya daɗe ba aiki, kuma dukiyarsa ta narke a kasuwa. Bayan wata uku, a Janairun 2009, a wata unguwar ta birnin mai suna Wilmington, wani ma'aikacin asibiti da aka sallama daga aiki tare da matarsa ya kashe ta da 'ya'yansu biyar, ciki har da tagwaye kashi biyu. Babu ɗaya daga cikin gidajen nan biyu da aka wayi gari babu abinci. Abin da ya ƙare musu shi ne matsayi, da yadda za su kalli gobe.

Masana laifuka a Jami'ar Birmingham City a Ingila sun tattara labaran mutum 71 da suka hallaka iyalansu a Birtaniya tsakanin 1980 da 2012. Hamsin da tara daga cikinsu maza ne. Mutuwar aure ce ta zo kan gaba a cikin dalilai, matsalar kuɗi na biye da ita. Sun kuma ware wani rukuni na musamman: magidancin da ke ɗaukar iyalinsa a matsayin shaidar cin nasararsa. Gida, mota, makarantar kuɗi ta yara, duk su ne hujjar cewa shi namiji ne. Ranar da kuɗi suka tafi, sai ya ga kamar iyalin ma ba su da sauran dalilin zama.

Alƙur'ani ya haramta kashe 'ya'ya saboda talauci a wurare biyu, a Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31, kuma malaman tafsiri sun daɗe da lura da bambancin da ke tsakaninsu. Ta farko tana magana da wanda talauci ya riga ya kama, ta biyu da wanda yake tsoron zuwansa. Da yawa daga cikin iyayen da ake magana a kansu a nan 'yan rukuni na biyu ne. Tsoro ne ya cinye su tun kafin abin da suke tsoro ya iso.

Abin da ciwon damuwa ke yi wa tunani

Amma tsoron gobe kowa na da shi. Me ke sa na wani ya kai nan?

A nan ciwon damuwa ke shigowa, kuma dole a bambanta shi da ɓacin rai na yau da kullum. Wanda aka yi wa rasuwa ko aka yi wa sata yana baƙin ciki, amma idan aka kawo masa jikansa zai yi murmushi. Mai ciwon damuwa ya rasa wannan. Mako biyu, wata guda, wata shida, abinci ba ɗanɗano, barci ya ƙaurace ko ya farka tun kafin kiran assalatu ya kasa komawa, wanka ma ya zama aiki. Abin da ya fi haɗari shi ne yadda ciwon ke canza hukuncin da mutum ke yi wa kansa: ni ba ni da amfani, ni nauyi ne, abin nan ba zai taɓa gyaruwa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, kuma fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Ciwo ne da ke da magani, ana kuma warkewa.

Direban da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Katsina a ranar da hazo ya sauka sosai ya san yadda abin yake. Titi na nan, garuruwa na nan, gidan mai na nan a gaba, amma shi iyakar ganinsa 'yan taku ne. Haka mai wannan ciwo yake. Yayansa da zai iya biya masa haya yana nan, surukar da za ta karɓi yara hannu bibbiyu tana nan, amma ba ya ganinsu. Idan ka ambata masa su, sai ya ce ai kowa ta kansa yake yi.

A 1969 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Phillip Resnick, ya bi diddigin rahotanni 131 na iyayen da suka kashe 'ya'yansu, uwaye 88 da ubanni 43, ya kasa su gida biyar bisa dalili. Akwai wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya, akwai wanda ba ya son yaron tun farko, akwai wanda duka ya wuce kima a hannunsa, akwai mai ramuwa a kan abokin zama. Rukunin da ya fi kowanne girma, kusan rabi, shi ne wanda ya fi wuyar haɗiya: iyayen da suka yi kisan suna ganin jinƙai suke yi. Tunaninsu kan tafi daki-daki. Ni dai tafiya zan yi. Idan na tafi, wa zai riƙe su? Za su zama marayu, a wulaƙanta su, masu bin bashi su bi su. Gara in tafi da su.

Shekaru bayan haka, Resnick da abokan aikinsa suka duba takardun ofishin binciken gawa na wata gunduma a jihar Ohio, suka samo iyalai 30 da uba ko uwa suka kashe yara sannan suka kashe kansu. Ubanni 20 ne, uwaye 10. Mafi yawansu akwai alamar ciwon damuwa ko taɓin hankali a tarihinsu, da dama sun taɓa ganin likita, kuma a mafi yawan gidajen wannan gurɓataccen jinƙan ne dalili. Wani bambanci ya fito fili: yawancin ubannin sun yi yunƙurin haɗawa har da matan, amma babu uwa ko ɗaya da ta kashe mijinta.

Wannan shi ya sa maƙwabta kan rikice idan 'yan jarida suka zo. Sai ka ji suna cewa wallahi yana son 'ya'yansa, kullum shi ke kai su makaranta. Gaskiya suke faɗa. Son yana nan, ciwo ne ya karkatar da shi. Fahimtar hakan ba wanke laifi ba ne. Amfaninsa shi ne a daina neman mugun mutum mai jan ido, a fara kula da uban kirki da ya yi shiru wata uku.

Inda babu tausayi ko kaɗan

Kada kuma a shafa wa kowa wannan fenti. Akwai mazan da ke kashe 'ya'ya don su ƙona zuciyar matar da ta nemi saki ko ta tafi gidansu. Irin waɗannan galibi suna da tarihin duka, barazana da kulle, kuma lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin rabuwa. Idan mace ta ce mijinta ya taɓa cewa zai kashe ta da yaran, magana ce ta 'yan sanda da alƙali a ranar. Ba a ce mata ta koma ɗakinta ta yi haƙuri.

Ran yaro na wa ne?

Ciwo da bashi sun bayyana abin da ya sa mutum ke son mutuwa. Ba su gama bayyana abin da ya sa yake ganin yana da ikon tafiya da wani ba. A ƙarƙashin wannan akwai wata tsohuwar aƙida: cewa ɗa wani yanki ne na iyayensa, inda suka nufa nan ya nufa.

A Japan abin ya daɗe har yana da suna nasa a harshensu, kuma an daɗe ana kallon uwar da ta mutu ta bar ƙananan yara a matsayin wadda ta fi rashin tausayi a kan wadda ta tafi da su. A Janairun 1985 wata 'yar Japan da ke zaune a jihar Kalifoniya, bayan ta gano mijinta na da wata a waje, ta yi yunƙurin mutuwa tare da ɗanta mai shekara 4 da jaririyarta mai wata 6 a gaɓar tekun Santa Monica. An ceto ta, yaran suka rasu. Dubban 'yan asalin Japan suka sa hannu a takardar neman a sassauta mata, suna cewa a ƙasarsu ba a ɗaukar wannan kamar sauran kisan kai. Kotu ta yanke mata shekara ɗaya a kurkuku da shekara biyar a ƙarƙashin sa ido da kulawar likita. Gwamnatin Japan kanta ta canza kallo: tun 2005 take fitar da rahoton shekara-shekara kan yaran da suka mutu ta hanyar cin zarafi, kuma tana lissafa waɗannan yara a ciki. Idan aka haɗa rahotannin, sun haura kashi ɗaya cikin uku na dukkan yaran.

A Koriya ta Kudu dokar hukunta laifuka ma ta nuna inda aka karkata. Wanda ya kashe mahaifinsa ko mahaifiyarsa, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 7 ne, alhali kisan kai na gama-gari yana farawa daga shekara 5. An daɗe babu irin wannan ƙarin ga wanda ya kashe ɗansa. Jaridu kuma sun shekara da shekaru suna rubuta labarin da lafazin da ke nuna iyali ne suka shirya mutuwa tare. A 2020 reshen ƙungiyar Save the Children na ƙasar ya rubuta wa kafofin labarai yana roƙon su daina, domin yaro ɗan shekara biyu bai shirya komai da kowa ba.

A shekarar ce wani alƙali a birnin Ulsan, Park Ju-young, ya yanke hukunci a kan uwaye biyu a rana ɗaya. Kowacce ta kashe ɗan da ta haifa ta yi yunƙurin bin sa, aka ceto ta. Ɗaya tana fama da damuwa da rikicin gida bayan kasuwancin miji ya karye, ɗayar ta yi shekaru tana rainon 'ya mai larura. Ya ba kowacce shekara 4. A cikin hukuncin ya bayyana abin a matsayin mafi munin cin zarafin yara, ya kuma ɗora wa al'umma nata kason, domin ita ta bar iyaye suna ganin babu wanda zai riƙe musu ɗa idan ba su. Alƙalin ya yi daidai ta fuska biyun. Tausayin uwar da ciwo ya ci ƙarfinta wajibi ne, amma idan tausayin ya rufe sunan wanda aka kashe, an zalunci yaron sau biyu.

Ambulan ɗin kuɗin haya

Me ya hana su neman taimako? Koriya ta koyi amsar da tsada. A Fabrairun 2014 aka tarar da wata dattijuwa da 'ya'yanta mata biyu, dukansu manya, sun mutu a ɗakin hayar da suke zaune a unguwar Songpa ta birnin Seoul, irin ɗakunan nan da rabinsu ke cikin ƙasa. Mijin ya daɗe da rasuwa. Babbar 'yar ba ta da lafiya. Uwar ce ke ciyar da gidan da aikin gidan abinci, sai ta faɗi ta ji ciwo a hannu, aiki ya tsaya. Sun bar farin ambulan da won 700,000 a ciki, kuɗin haya da na wuta da ruwa, da ɗan rubutu suna ba mai gidan haƙuri. Har a daren ƙarshe, abin da ya dame su shi ne kada a ce sun ci haƙƙin wani.

Ƙasar ta girgiza. A ƙarshen shekarar majalisa ta gyara dokokin tallafi, aka kuma kafa tsarin da ke amfani da bayanan waɗanda aka yanke wa wuta ko ruwa, ko suka daina biyan inshorar lafiya, don jami'ai su je su ƙwanƙwasa ƙofa tun kafin a nema. Duk da haka, a Afrilun 2018 aka gano gawar wata uwa da ƙaramar 'yarta a Jeungpyeong, watanni bayan mutuwarsu. Mijinta ya riga ya kashe kansa, bashi ya rage a wuyanta, kuma sai da kuɗin kula da ginin suka taru ba a biya ba aka buɗe ƙofar. A Agustan 2022 kuma aka tarar da wani iyali sun mutu a Suwon, duk da cewa kwamfuta ta yi aikinta: ta nuna gidan ya yi wata 16 bai biya inshora ba. Jami'ai suka je adireshin da ke rubuce, ba su sami kowa ba. Iyalin sun daɗe da tashi ba su sanar ba, suna ɓuyar masu bin bashi.

Bashi yana da wannan hali. Yunwa takan fito da mutum waje, bashi kuwa ɗaki yake shigar da shi, ya kashe waya, ya daina zuwa suna da biki. Japan ta gane haka bayan da adadin masu kashe kansu ya haura 30,000 a 1998 ya kuma zauna a sama har 2011. A 2006 ta kafa dokar yaƙi da kashe kai, ta kuma gyara dokar masu ba da rance: ta sauko da iyakar kuɗin ruwa daga kashi 29.2 zuwa kashi 20, ta hana a ba mutum rancen da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a shekara. Zuwa 2019 adadin ya sauko kusa da 20,000. Abubuwa da yawa ne suka taru suka jawo saukar, amma ɗaure hannun masu rance na cikinsu.

A gida fa?

Ƙasar Hausa tana da garkuwar da Seoul ba ta da ita. Riƙo al'ada ce mai rai: yaro ya tashi a hannun gwaggo, kawu ko kaka, ba wanda zai ga baƙon abu. Tambayar nan ta wa zai riƙe su tana da amsa a yawancin dangi. Sai dai garkuwar tana yin sirara a birane, inda ma'aurata ke zaune a gidan haya su kaɗai, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Tun cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 tsadar rayuwa ta karya magidanta da yawa da a da ake zuwa wurinsu neman taimako. Manhajojin rance na waya kuma sun zo da salon tonon asiri, suna aika saƙo ga duk lambar da ke wayar wanda ya kasa biya, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022.

Ga kuma doka. Sashe na 231 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023. Dokar da ke sa dangi su ɓoye wanda ya yi yunƙuri, maimakon su kai shi asibiti, tana aiki ne a kan yaran da ke gidan. Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, duk da ƙarancin likitoci.

Kafin asibiti akwai kunne. Mutanen nan sukan yi magana, a fakaice. Na gaji. Da ba ni, da kowa ya huta. Ba zan bar 'ya'yana su wulaƙanta ba. Wannan jimla ta ƙarshe, idan ta fito daga bakin wanda ya rame, ya daina barci, ya janye daga mutane, ƙararrawa ce. Haka ma wanda ya shafe watanni a ƙuntace sai rana ɗaya aka gan shi cikin natsuwa, yana neman gafara, yana mayar da kayan aro, yana cire yara daga makaranta ba dalili.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce haba, daina faɗin haka, ka yi haƙuri, kowa da tasa. Niyya mai kyau ce, amma rufe ƙofa take yi. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne tambaya kai tsaye ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Yaya zai iya zaunar da ƙanensa ya ce: Malam, kana tunanin kashe kanka? Tunanin ya taɓa haɗawa da yara? Idan amsar e ce, ko shiru ne mai nauyi, ba a barinsa shi kaɗai a daren. A kwashe yaran zuwa gidan kaka da sunan hutu, a kawar da duk abin da zai iya cutarwa, a raka shi wurin likita da safe, a kuma zauna da takarda da biro a lissafa bashin, domin bashin da aka faɗa a gaban 'yan'uwa ya rage rabin dafinsa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, kuma liman da ya ce wa mutum je ka ga likita ya yi aikin malanta.

Akwai wani rukuni na iyaye da wannan babi ya ratsa ta gefensu kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa, kuma ɗaya ko biyu cikin dubu hankalinsu kan gushe a makonnin farko. Babi na gaba zai shiga ɗakin mai jego: yadda ake gane bambancin gajiya da ciwo, abin da zaman wanka a gidan iyaye ke karewa da abin da yake ɓoyewa, da yadda ma'aikatan lafiya mata na ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan suka rage ciwon ta hanyar zama da hira.